Daga Yaƙin Puebla Zuwa Kaskon Tortiya: Yadda Za Ki Haɗa Abincin Bikin 5 Ga Mayu A Gida

Duk shekara idan 5 ga watan Mayu ta zagayo, hotuna kan cika intanet daga biranen Amurka: manyan malafuna, masu kiɗan garaya irin ta Turawa sanye da baƙaƙen kaya, da tebura shaƙe da abincin Meziko. Sunan bikin Cinco de Mayo, wato biyar ga Mayu da Sifaniyanci. Da yawa daga cikin masu bikin sun ɗauka ranar samun 'yancin kan Meziko ce, alhali waccan tana zuwa ne a 16 ga Satumba, don tunawa da kiran tawayen da limamin coci Miguel Hidalgo ya yi a garin Dolores a 1810. Ita 5 ga Mayu labarin yini ɗaya ce a gari ɗaya, kuma abincin wannan garin nake so mu dafa.

Bashi ne ya jawo yaƙin

A 1861 Meziko ta fito daga yaƙin basasa na shekara uku, baitulmali babu ko sisi. Shugaban ƙasa Benito Juárez, ɗan ƙabilar Zapotec daga jihar Oaxaca, ya sanar a watan Yuli cewa an dakatar da biyan bashin ƙasashen waje har shekara biyu. Birtaniya da Sifaniya da Faransa suka haɗa kai suka turo jiragen yaƙi tashar Veracruz. Da aka zauna aka yi magana, Birtaniya da Sifaniya suka tattara suka koma gida. Faransa ta ƙi tafiya, domin sarkinta Napoleon na Uku yana da wata manufa a ransa: bashin hujja ce kawai, daula yake son kafawa a can, ga shi kuma Amurka ta shagala da nata yaƙin basasar, ba ta da sararin hana shi.

Rundunar Faransa, kimanin mutum 6,000 ƙarƙashin Janar Lorencez, ta kama hanyar babban birni. A kan hanyar akwai Puebla, mai nisan kamar kilomita 130 daga birnin Meziko. A can, ranar 5 ga Mayun 1862, Janar Ignacio Zaragoza na Meziko ya tare su da dakaru wajen 4,000, waɗanda makamansu ba su kai na abokan gaba ba. Ya girke su a kan tudun da ke ɗauke da ganuwa biyu, Loreto da Guadalupe. Lorencez ya raina su, ya hau tudun kai tsaye. Sau uku Faransawa suna hawa ana koro su, da yamma kuma ruwan sama ya sauko, ƙasa ta zama taɓo. Suka ja da baya bayan sun rasa kusan mutum 500, su kuwa 'yan Meziko ba su rasa 100 ba. Cikin hafsoshin da suka yi fice ran nan akwai wani matashi Porfirio Díaz, wanda daga baya ya mulki ƙasar sama da shekara 30.

Daɗin bai daɗe ba. Zaragoza ya rasu da zazzaɓin taifot a watan Satumbar wannan shekarar ta 1862, yana da shekara 33. Faransa ta ƙaro dubban sojoji, ta yi wa Puebla ƙawanya wata biyu, garin ya faɗi a Mayun 1863. Aka ɗora Maximilian ɗan gidan sarautar Ostiriya a matsayin sarki a 1864. Sai a 1867, bayan Faransa ta janye, dakarun Juárez suka kama shi suka harbe shi a Querétaro.

To me ya sa bikin ya fi ƙarfi a Amurka? Tun 1863 'yan asalin Meziko da ke Kalifoniya suka fara tunawa da ranar, suna tara kuɗi don taimaka wa Juárez. A shekarun 1960 masu fafutukar haƙƙin 'yan asalin Meziko a Amurka suka ɗauke ta a matsayin ranar alfahari da asali. A shekarun 1980 kamfanonin giya suka shigo da tallace-tallace, daga nan ta zama ranar sheƙe aya. A Meziko kanta ba ranar hutun ƙasa ba ce ga ma'aikata, bankuna na buɗe. A Puebla ne ake fareti na sosai.

Abin da za mu dafa

Tortiya, wato gurasar masara mai faɗi kuma siririya, wake, tinga ta kaza, wadda asalinta girkin Puebla ce, salsa, wato yajin gasasshen tumatir, gwakamole na fiya, sai zoɓo. Awon da zan bayar ya ishi mutum shida.

Kada sunayen su ba ki tsoro. Masara da tumatir da barkono da fiya duk daga wancan yanki na duniya suka iso kasuwanninmu. Mu muna danganta sunan masara da ƙasar Masar, amma a kudancin Meziko aka fara noma ta, shekaru kusan 9,000 da suka wuce, daga wata ciyawa da ake kira teosinte. Abu ɗaya ne za ki kiyaye: girkinsu na gargajiya yana amfani da kitsen alade sosai, a wake da wasu gurasu, ana kuma sa tsiran alade mai suna chorizo a tinga. Mu man gyaɗa ko man shanu za mu sa, kuma ba abin da zai ragu. Idan kin sayi wani abu na gwangwani daga waje, ki duba ko an rubuta manteca a jiki, sau da yawa kitsen aladen ke nan.

Mataki na farko, tun daren jiya: dafa masara

Nan ne aikin yake, nan kuma na fi so ki natsu. Garin masarar tuwo ba ya yin tortiya. Na gwada a karon farko, na kwaɓa shi da ruwa na ɗora a kasko, ya wargaje kamar yashi. Dalili shi ne mutanen Meziko ba sa niƙa masara sai sun dafa ta da abu mai kaifi irin na toka. Masarar da aka yi wa haka sunanta nixtamal, daga kalmomi biyu na harshen Nahuatl na al'ummar Aztek ta Meziko: toka da ƙullu. Wannan dahuwar tana saɓule dusar, tana sa ƙullun ya yi danƙo ya kama jikinsa, tana ba shi ƙamshin da ba a samu ta wata hanya. Tana kuma sakin sinadarin niyasin da ke ƙulle cikin ƙwayar. Da masara ta bazu zuwa Turai ba tare da wannan dabarar ba, talakawan Italiya da Sifaniya da suka dogara da ita sun sha fama da cutar pellagra mai lalata fata.

Yau abin da suka fi sawa shi ne cal, farin garin da ake samu idan an ƙona farin dutse aka kashe shi da ruwa. Sai dai wanda aka tanada don abinci. Kada ki kuskura ki ɗebo na wurin magina ko na shafen bango.

Ki samu busasshiyar masara kilo 1, fara ko ja, wadda ba a surfa ba. Ki tsince ta ki wanke. Ki zuba ruwa lita 3 a tukunyar ƙasa ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Tukunyar dalma ba ta jure wannan ruwan, zai ci ta ya baƙanta masarar. Ki dama cal giram 10, kamar babban cokali ɗaya, ki zuba masarar. Nan take za ki ga ta rine ta koma rawaya. Ki bar ta tana tafasa a hankali minti 25 zuwa 45, gwargwadon taurin masarar. Ki riƙa ciro ƙwaya ɗaya kina murzawa da yatsu. Idan ɓawon ya saɓule, kika ciza kika ji bayan ya yi laushi amma tsakiyar tana nan fari da ɗan tauri, ta isa. Ki sauke, ki rufe, ki bar ta cikin ruwanta ta kwana, awa 8 zuwa 12. Idan kika dafa ta ta nuna luguf, ƙullun zai yi yauƙi ya riƙa manne wa hannu, kuma babu gyara.

In babu cal, sai a koma asali, wato toka. Ki tankaɗe tokar itace mai tsabta, wadda ba a ƙona leda ko roba ko kalanzir a cikinta ba, kamar kofi 2. Ki tafasa ta da ruwa lita 4, ki bari ta kwanta, ki tace ruwan saman da ƙyalle. Da shi za ki dafa masarar, kuma gwajin murzawar ɗaya ne, sai dai takan ɗan ƙara lokaci. Ƙullun toka bai kai na cal danƙo ba, don haka ki yi tortiyarki ƙanana. Kanwa ma tana cire ɓawo, amma ɗanɗanonta yana fitowa, ni ban so shi a nan ba.

Kafin ki kwanta ki jiƙa wake rabin kilo.

Mataki na biyu, da safe: wanki da niƙa

Ki tsiyaye ruwan ki zubar. Ki wanke masarar sau biyu ko uku kina cuɗa ta tsakanin tafuka. Ba sai kin cire ɓawon kaf ba, ɗan abin da ya rage shi ke taimaka wa ƙullun ya haɗe.

Matan Meziko na da a kan dutsen niƙa suke durƙusawa, wanda suke kira metate, kusan irin namu sak. Yanzu yawanci inji ne ke yin aikin. Ke ma ki kai injin markaɗe, amma da sharaɗi biyu. A wanke injin tukuna, don kada tortiyarki ta fito da ƙamshin kayan miyar maƙwabciya. Sannan ki tsaya a kan mai injin ya rage ruwa, domin hannunsa ya saba da ƙullun koko da na ƙosai. Abin da kike nema ƙullu ne mai kauri da santsi wanda za a iya dunƙulawa. In ya fito da gari-gari a sake mayar da shi. In yaro za ki aika, gara ki je da kanki.

A gida ki sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ki murza minti biyar. Ki ɗebi ɗan curi ki danna tsakanin tafuka: idan gefen ya tsattsage, ki yayyafa ruwa kaɗan ki sake murzawa, idan ya manne miki, ya yi ruwa, ki bar shi a buɗe ya sha iska. Ki rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle ki ajiye. Kilo ɗayan nan zai ba ki tortiya 40 ko fiye.

Wadda take inda ake sayar da garin Maseca, wato busasshen garin nixtamal na kamfani, ta huta da duk wannan, ruwan ɗumi kawai za ta zuba ta kwaɓa. Wadda kuma ba ta da lokaci, akwai tortiyar fulawa, kuma ba ha'inci ba ce, ita ake ci a arewacin Meziko, musamman jihar Sonora. Fulawa kofi 3, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, mai sulusin kofi, ruwan ɗumi kofi ɗaya. A murza, a raba gida 12, a bari ya huta rabin awa, a murza kowanne da muciya ko kwalba ya yi siriri.

Mataki na uku: wake

Nasu baƙi ne ko mai ɗigo-ɗigo, wani jinsi ne daban da namu, amma jan wakenmu yana yi, ya ma fi saurin nuna. Ki dafa shi da rabin albasa da tafarnuwa ƙwaya uku da ruwa wadatacce, ba kanwa, ba manja. Gishiri sai ya kusa nuna. A haka ma ana cin sa da romonsa. Don a samu wanda za a shafa a tortiya, ki soya yankakkiyar albasa a mai cokali uku har ta yi ja, ki zuba waken da ɗan romonsa, ki riƙa danne shi da bayan ludayi har ya zama kamar fate mai kauri. Yana ƙara kauri idan ya huce, saboda haka ki sauke shi da ɗan ruwa-ruwa.

Mataki na huɗu: tinga

Ki dafa kaza kilo 1 da rabin albasa da tafarnuwa da gishiri. Idan ta nuna ki tsame, ki ajiye romon, ki yayyage tsokar silli-silli da hannu, kamar za ki yi dambun kaza amma ba daka.

Ran tinga shi ne chipotle, wato barkonon jalapeño da ya nuna ya yi ja aka busar da shi da hayaƙi. Idan kin samu na gwangwani, guda biyu ko uku sun isa. In babu, hayaƙin za mu nema ta wata hanya. Ki hura gawayi, ki ɗora tattasai uku da attaruhu biyu da tumatir shida kai tsaye a kan waya, ki riƙa juyawa har fatarsu ta yi baƙi-baƙi. Ki ɓare rabin ƙonannen, ki bar rabi. Ki markaɗa su da tafarnuwa biyu da kofi ɗaya na romon kazar, da ƙaramin cokali na ruwan tsamiya da ɗan sukari kaɗan, don chipotle na gwangwani yana da tsami da zaƙi-zaƙi. Ba zai zama shi ba, amma ya kama hanya.

Ki yanka manyan albasa biyu sirara, a tsaye. Ki soya su a mai cokali uku a wuta marar ƙarfi har su yi laushi su fara zaƙi, minti goma ko fiye. Kada ki yi gaggawa a nan, albasar rabin girkin ce. Ki juye markaɗen, ki sa tayim kaɗan da gishiri, ya dahu minti goma har launin ya yi duhu. Ki zuba kazar, ki juya, ki bari ta sha miyar wasu minti goma. Ana so ta jiƙe amma kada ta yi ruwan da zai huda tortiya. Kori da citta da dunƙulen ɗanɗano mai yawa ki bar su a ma'ajiyarsu yau, in ba haka ba miyar kaza za ki tashi da ita.

Wani zai ce ai mole ne sarkin girkin Puebla. Gaskiya ne. Miya ce baƙa mai kauri, kayan haɗinta sun haura 20: busassun barkono iri uku da ake kira ancho da mulato da pasilla, riɗi, gyaɗa, kirfa, kanumfari, busasshen inabi, har da ɗan cakulan, ana zuba ta a kan talotalo ko kaza. Sai dai waɗannan barkonon ba su da madadi a wurinmu, kuma su ne miyar. Ban ga amfanin ɓata yini guda a kan kwaikwayon da ba zai yi kama ba. Puebla tana da wani abin mamakin ma: baƙi daga Gabas ta Tsakiya da suka zauna can a farkon ƙarni na 20 sun kawo gashin shawarma, ya zama abin da har yau ake kira tacos árabes, takon Larabawa, ko da yake yanzu yawanci da naman alade ake yi. Mai tafiya can ya tambaya kafin ya ci.

Mataki na biyar: salsa da zoɓo

Tunda gawayin na nan, ki gasa ƙarin tumatir huɗu, attaruhu ɗaya, kwatan albasa da tafarnuwa biyu da ɓawonsu. Ki ɓare tafarnuwar ki fara daka ta da gishiri a ƙaramin turmi, sai attaruhu, sai albasa, tumatir a ƙarshe. Kada ya yi laushi, ana son a ga gutsattsari. Su ma a turmin dutse suke yi, molcajete. Ki yi hattara da attaruhu, ɗan uwan barkonon habanero ne, wanda ko a Meziko ana jin tsoronsa. Yawancin salsarsu ba ta kai yajinmu zafi ba.

Zoɓo kuwa ba sai na koya miki ba. Suna kiran sa agua de jamaica, ana sayar da shi a manyan tulunan gilashi a kasuwanni, kuma Meziko na cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon da ake fitarwa daga arewacin Najeriya, irin wanda ake nomawa a Jigawa. Bambancin kawai nasu ba tarkace: zoɓo kofi 2, ruwa lita 2, sukari, ƙanƙara. Ba citta, ba abarba, ba kayan ƙamshi na kwalba. Da abinci mai yaji da hayaƙi irin wannan, na ga hikimar barin sa haka. Tsamiya ma suna jiƙa ta su sha kamar yadda muke yi.

Mataki na shida: gasa tortiya

Sai kowa ya hallara za ki fara. Ki ɗora kasko mai faɗi da kauri, na ƙarfe ko na ƙasa, ba mai ko ɗigo. Ya yi zafin da in kin yarfa ruwa zai yi tsalle ya ɓace.

Ki curo ƙullu kamar girman ƙwan zabuwa. Ki yanka leda mai tsabta gida biyu, ki sa curin a tsakani, ki danna da gindin tukunya ko faranti mai shafaffen ƙasa har ya yi faɗin tafin hannu da ɗan ƙari, kaurinsa kamar na kwali. Ki ɓare ledar sama, ki kifa a tafinki, ki ɓare ta biyun, ki shimfiɗa a kasko a hankali.

Juyi biyu ake yi. Bayan kamar daƙiƙa 30, da gefen ya fara bushewa ya saki kasko, ki juya. Ki bar wannan ɓangaren minti ɗaya har ya yi ɗigon ja. Ki sake juyawa, ki ɗan danna tsakiyar da ƙyalle. Idan komai ya yi daidai za ta kumbura kamar balan-balan, tururin cikinta ne ke ƙarasa dafa ta. A Meziko akwai zolayar da ake yi cewa wadda tortiyarta ta kumbura ta isa aure. In taki ba ta kumbura ba za ta ciwu, sai dai ki duba abu uku: ko ƙullun ya bushe, ko kaskon bai yi zafi ba, ko kin daɗe kafin juyin farko. Biyar ɗin farko kusan kullum asara ce, ki ba yara.

Duk wadda kika sauke ki sa ta cikin tsabtataccen ƙyalle a kwando ko kula, ki rufe, ki ɗora ta gaba a kanta. Minti goma a nan ne ke sa su laushi su naɗu ba tare da karyewa ba.

Gwakamole shi ne na ƙarshe don yana saurin baƙi. Fiya uku da suka nuna, ki dame da cokali mai yatsu, ki sa albasa yankakka ƙanana, ɗan attaruhu, gishiri, ruwan lemun tsami ɗaya, da ganyen koriyanda in kin samu wurin masu kayan lambu. In babu ki bar shi, kada ki maye gurbinsa da wani ganye.

Haɗawa

A jera komai a tsakiya kowa ya haɗa nasa. A ɗauki tortiya a tafin hannu, a shafa wake, a ɗora tinga cokali biyu, salsa, gwakamole, a matsa lemun tsami. Su suna ƙara kirim mai tsami da farin cuku marar gishiri sosai. Kindirmo mai kauri da cukun Fulani da aka marmasa suna tsayawa a wurinsu daram. A naɗe gida biyu, shi ne tako. Ba a cika shi, cizo uku ake so ya ƙare, kuma kai ake karkatarwa a same shi, ba a juya shi miyar ta zube.

Tortiyar da ta kwana kada ki zubar. Ki yanka ta kusurwa uku-uku, ki soya a mai ta yi ƙaras-ƙaras, ki juye ragowar salsa a kasko da ɗan romo, ki zuba soyayyun a ciki ki juya minti biyu kacal, ki ɗora soyayyen ƙwai da kindirmo a kai. Sunansa chilaquiles, kuma da shi ake karya kumallo a can.